Shawarwarin masu dashen itacen meskit a hamadar Arizona

Meskit ɗan uwan ƙirya ne, kuma mazauna Phoenix da Tucson a Amurka na dasa shi don inuwa. Da aka tattauna kan renonsa, bakin masu lambu ya zo ɗaya kan ban ruwa: a jiƙa ƙasa sosai, amma jefi-jefi, kuma can inda rassa suka ƙare, ba a gindi ba. Wanda ake yayyafa wa ruwa kullum saiwarsa sama-sama take tsayawa, kai ya yi nauyi, sai guguwar watan Yuli ko Agusta ta kwantar da shi a kan katanga. Abin mamaki, an taɓa samun saiwarsa a zurfin fiye da mita 50 kusa da Tucson.

An ɗan yi saɓani kan iri. Wasu sun fi son na Chile don saurin girma da ƙarancin ƙaya, amma shi ya fi faɗuwa. Ni dai na fi karkata ga ɗan asalin yankin.

A rage rassa kafin damina, a cire sandar tokara bayan shekara. Kada a ajiye mota ƙarƙashinsa, baƙin ƙaronsa na ɓata fenti.