Tambaya: makaɗinmu yana Argungu, mu muna Gusau, kiɗa ya ƙi hawa kan waƙa

Mai Baiti, daga Gusau:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ɗan ƙaramin situdiyo a nan Gusau, kuma shekara shida ke nan ina aiki da wani makaɗin kalangu wanda a bara ya koma gida Argungu saboda jinyar mahaifinsa. An ba mu aikin waƙar biki da za a yi bayan Sallah, amma kuɗin mota da halin da hanya take ciki ba za su bar shi ya riƙa zuwa ta Sakkwato kowane mako ba, shi ya sa muka ce bari mu yi atisaye ta bidiyo kai tsaye.

Da farko mun gwada Facebook Live, shi yana kiɗa ni ina kallo ina waƙa, sai muka tarar kafin kiɗan ya iso gare ni shi ya riga ya wuce wurin da nisa. Muka koma Zoom, jinkirin ya ragu, amma har yanzu idan na hau kiɗa daidai a kunnena, shi a can yana jin na makara, sai ya sassauta don ya jira ni, ni ma in sassauta, har waƙar ta mutu a hannunmu. Ban da wannan, da zarar ya fara kaɗawa sai sautin kalangun ya riƙa shaƙewa yana ɓacewa, kuma da magariba hoton yana daskarewa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan aiki. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Kabi, daga Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Baiti. Abubuwa biyun da kuka gwada ba iri ɗaya ba ne. Facebook Live da YouTube an gina su ne domin mutum ɗaya ya yaɗa wa jama'a, kuma da gangan suke tara bidiyon na wasu sakanni kafin su nuna shi, domin kada ya riƙa yankewa a wayar mai kallo. Zoom da Google Meet na hira ne, jinkirinsu bai kai sakan guda ba, wanda a magana ba a damu da shi ba, amma a kiɗa ya yi yawa ƙwarai.

Makaɗa biyu suna iya tafiya tare ne idan jinkirin da ke tsakaninsu bai wuce milisakan 25 zuwa 30 ba, wato kashi 30 cikin dubu na sakan. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan guda, don haka wannan jinkiri tamkar ka tsaya ne mita goma daga makaɗinka a filin biki. Idan jinkirin ya kai milisakan 300, to kamar yana tsaye mita ɗari daga gare ka ne, kuma kai ma ka san babu mawaƙin da zai bi kiɗa daga wannan nisa. Akwai manhajoji na kyauta da aka yi domin makaɗa, irin su Jamulus da SonoBus, amma suna son intanet mai shigowa ta igiya da ba ya tangal-tangal, kuma da datar wayar salula ban ga alamar za su kai ku inda kuke so ba.

Shawarata ita ce ku daina neman ku ji juna a lokaci guda. Makaɗi ya zama jagora, ya rage sautin wayarsa gaba ɗaya yayin da yake kiɗa don kada muryarka ta ja shi baya, kai kuma da 'yan amshi ku hau kan abin da ya iso muku. A wurinku komai zai zauna daidai, sai ka naɗa a kwamfutarka ka tura masa ya saurara. Idan baiti ya ƙare ya buɗe sauti ku tattauna gyara, domin a nan ne bidiyon yake da amfani: ka ga hannunsa, ya ga fuskarka.

Hajiyar Sauti, daga Kaura Namoda:

Ina goyon bayan abin da Malam Ɗan Kabi ya faɗa, sai dai bai taɓo maganar shaƙewar kalangun ba, kuma wannan ba laifin sabis ba ne. Manhajojin hira suna da matatar hayaniya wadda aikinta shi ne ta bar muryar mutum ta danne duk sauran, kuma a wurinta kalangu da ƙarar janareta duk ɗaya ne. Abin takaicin shi ne, abin da take fara cinyewa shi ne jan sautin nan da ke fita idan makaɗi ya matse igiyoyin a hammatarsa, wanda da shi ne kalangu yake magana. A cikin saitin sauti na Zoom akwai zaɓin da aka tanadar wa makaɗa, mai barin sauti a asalinsa. A wayar makaɗin za a kunna shi, ba a taka ba, kuma bayan an shiga taron a sake dubawa a tabbatar yana kunne.

Da zarar an kashe matatar, amsa-kuwwa za ta iya shigowa, saboda haka ku da ke Gusau ku sa iyafis, kada ku saki sauti ta sifika kusa da makirfo. Iyafis ɗin ya kasance mai igiya, domin na Bluetooth yakan ƙara jinkirin sama da milisakan 100 daga aljihunsa. Kuma makaɗin ya janye wayarsa kamar taku biyu daga bakin kalangun, in ba haka ba sautin zai fashe.

Ɗan Kabi, daga Birnin Kebbi:

Gaskiya ne, Hajiya, na tsallake wannan. Game da daskarewar hoto kuwa, Malam, ku auna saurin turawa na intanet ɗinku, ba na saukewa ba, a shafin Speedtest ko Fast.com, kuma ku auna a daidai lokacin da kuke atisaye, domin da magariba zuwa bayan isha'i ne jama'a suke taruwa a kan turken sadarwa guda. Idan kana ɗaukar intanet daga waya zuwa kwamfuta, ka haɗa su da igiyar caji maimakon Wi-Fi. A wannan zafin na bazara waya mai ɗaukar bidiyo kuma tana kan caji takan rage ƙarfin kanta da kanta, don haka a cire mata riga a ajiye ta a inuwa.

Idan wata rana za ku yaɗa wa jama'a kai tsaye, ka yi amfani da manhajar yaɗa bidiyo ta OBS Studio, kyauta ce, ka tsayar da ingancin hoton a 720p, kada abin da kake turawa ya wuce rabin saurin da ka auna. Megabit 2.5 a sakan yana cin kimanin gigabait 1.1 a awa guda, megabit 1.5 kuma kimanin megabait 675, sai ka yi lissafin datarka tun da wuri.

Mai Baiti, daga Gusau:

Na gode muku ƙwarai. Jiya bayan sallar asuba muka gwada, saurin turawa a wurinsa ya ninka abin da muke samu da magariba, kuma da ya kunna saitin makaɗan sai na ji kalangun kamar yana cikin ɗakin. Da farko ya ƙi yarda ya rufe sautina, ya ce shi bai taɓa yi wa mawaƙin da ba ya ji kiɗa ba, sai muka shirya cewa zan ɗaga hannu idan baiti ya zo ƙarshe, shi kuma ya riƙe kiɗan har sai ya gani. Mun kammala baiti huɗu kafin minti 40 na Zoom na kyauta ya yanke mu. Hajiya, sautin da na naɗa ta Zoom ya isa a sa shi a waƙar da za mu miƙa, ko sai ya sake naɗawa a can?

Hajiyar Sauti, daga Kaura Namoda:

Bai isa ba, Malam, domin an matse shi a hanya. Ya ajiye waya ta biyu kusa da shi tana naɗa, ya tafa sau ɗaya da ƙarfi kafin ya fara don ka sami wurin daidaita naɗin biyu, sannan ya turo maka a matsayin fayil ta WhatsApp ko Google Drive, ba a matsayin saƙon murya ba.