Gyambon bakin Baba ya ƙi warkewa, likita ya ce a duba ciki da ƙirji

Maman Hafsa:
Salamu alaikum. Mahaifinmu ne ba lafiya. Leɓensa ya tsattsage ya yi ɓawon jini, cikin bakin duk gyambo, ko kunu sai da cokali a hankali. Ga bororo a bayansa da tafin hannu. Likitan fata ya yanki 'yar tsoka don gwaji, kuma ya ce a ɗauki hoton ƙirji da ciki. Me ya haɗa ciwon baki da ciki? Hankalina ya tashi.

Malam Sani:
Allah ya ba Baba lafiya. Da alama likitan yana zargin wani nau'in femfigus (ciwon bororo a fata da baki) mai tafiya tare da ƙari a jiki. Garkuwar jiki ce ke juyawa ta farma sinadaran da ke manne ƙwayoyin fata, sai fatar ta saɓule. A 1990 aka fara bayyana wannan nau'in. Yawanci ana samunsa tare da limfoma (sankarar kaluluwa), ko wata sankarar jini, ko cutar Castleman (kumburin kaluluwa), ko ƙarin taimus (wata 'yar gaɓa a ƙirji). Shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙirji da ciki, don neman ƙarin. Wani ƙarin ba sankara ba ne, cire shi ma yakan kawo sauƙi sosai.

Inna Talatu:
'Yata, don Allah kada ku shafa masa toka ko maganin gargajiya a gyambon nan. Ƙwayoyin cuta na shiga da sauri.

Malam Sani:
Gaskiya ne, Inna. Kuma ki lura da numfashinsa, domin cutar takan taɓa huhu. Da kin ga haki ko tari, ku koma asibiti a ranar.