Neman suna: abin da na haɗa don ƙurar dutse a shagona

Mai Sassaƙa, Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Suna nake nema, amma ba na jariri ba.

Tun da rusau na 2022 ya ci filin da muke aiki a kudancin Jidda na koma wani shago rufaffe, tsawo mita shida, faɗi huɗu, ƙofa ɗaya, ita ma a rufe saboda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Sana'ata sassaƙar dutse: allon sunan gida, kaskon turaren wuta, turmi, wani lokaci bakin sinki. Can a fili iska ke kwashe mana ƙura kyauta. Nan kuwa sai da na face wajen alwalar Azahar na ga abin da ya fito, fari fat kamar an dama farar ƙasa, sannan na san da magana.

Na fara da fankar bango irin ta kicin, wadda ake ce wa shaffaɗ. Ta kwashe ƙurar tsaf ta juye wa maƙwabcina a kan mota, sai da muka yi sati gaisuwa daga nesa. Daga nan na haɗa wannan. Akwai baki mai faɗi na kwano a gefen teburin aiki. Bututu inci 4 ya ɗauko iska daga nan ya shigar da ita ta gefe cikin wani mazurari na ƙarfe da ke zaune a kan gangar roba mai lita 200. Iskar na juyawa a ciki, tsakuwa da garin dutse su bugi bango su zube cikin ganga, ita kuma ta fice ta tsakiyar sama, ta ratsa filta biyu, na farko mai araha, na biyu HEPA, mai kama ƙura mafi laushi. Injin yana can ƙarshe bayan filta, don ko wani wuri ya huje iska ce za ta shiga, ba ƙura ce za ta fito ba.

Yarana uku ne, biyu 'yan Maraɗi, ɗaya Bakatsine, Larabcinsu bai wuce na sayen tamis da ful ba. In na ce a kunna shaffaɗ sai su kunna na bango su bar wannan. Ina so in rubuta ƙa'idar aiki da Hausa in manna. Me zan kira shi?

Hajiya Malama, Makka:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba ya buƙatar taro. Daga tace muke da matata: matatar mai ta Kaduna, matatar ruwa ta Tamburawa. Matatar ƙura, shi ke nan.

Ɗan Misfala:
Hajiya, a baki babu laifi, amma rubutawa zai yi fa. Uwargidan mai shago ta kawo abinci shago, ta ɗaga kai ta ga an manna: "A canja matata duk bayan wata uku." Wa zai tsaya yi mata bayanin karin sauti?

Hajiya Malama, Makka:
Allah ya shirye ka, ɗan nan. To a ce mataci, kamar na koko da na shayi. Namiji ne, ba ya haɗa kowa da uwargida.

Baba Tsoho, Mai Wurno:
Ɗana mai sassaƙa, Allah shi yi albarka. Ni ban san injin ba, amma abin ga da ka kwatanta na bisa ganga, mun san shi tun muna yara. Shiƙa ta. Mace ta ɗaga ƙwarya ta zubo hatsi, tsaba mai nauyi ta faɗo ƙasa, iska ta yi gaba da ƙaiƙayi. Bambancin kawai kai ka kulle iskarka cikin gwangwani. Ka ce mashi masheƙiya. Na bayan kuwa, mai tare gari, rariya ce, mi ya yi saura?

Injiniya, Yanbu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Masheƙiya kam ta zauna daram, har ta fi saikulon ɗin da muke cewa a ma'aikata, don duk wanda ya ji shiƙa ya san marar nauyi ba ya faɗowa, gaba yake yi. Gaskiyar abin ke nan: gangar nan tana kama abin da ido ke gani, mai kisan kuwa wucewa yake. Amma rariya, Baba, a yi mini afuwa, ban yarda ba.

Me ake nema a tankaɗe? Lallausan da ya wuce. Tsakin da ya tsaya a sama shi ake mayarwa turmi. Mu kuwa lallausan ne abokin gaba. Kaurin gashin kai wajen maikuron 70 ne, ƙurar da ke isa can ƙasan huhu yawanci ba ta wuce maikuron 5 ba, kuma tana iya yin sa'o'i tana yawo a ɗaki bayan an kashe saruk, wato injin yankan dutse. Babu rariyar da za a saƙa ta tare wannan. HEPA ba da ƙanƙantar huda yake aiki ba. Zarurruka ne cunkushe birjik, ƙwayar ƙura na tafe sai ta yi karo da zare ta manne. Da haka yake kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu maikuron 0.3.

Ga inda sunan zai yi ɓarna. Me ake yi wa rariya in ta toshe? A buga ta a gefen turmi. Me ake yi wa mataci? A wanke, a shanya. Ka ce wa yaro ɗan Maraɗi wannan rariya ce, ranar da ba ka nan zai ciro ta ya kakkaɓe a bakin ƙofa, ya shaƙi ƙurar wata uku a minti ɗaya, ya kuma fasa zaren. Suna ai umarni ne ga hannu. A nemo wanda ba ya cewa a kakkaɓe.

Mai Sassaƙa, Jidda:
Injiniya, kamar kana wurin. Bakatsinen nan ya riga ya yi, da iskar kwamfaresa ma, wai yana taimakona. Na dawo daga La'asar na tarar da shi kamar wanda ya fito daga buhun fulawa.

Sannan akwai abin da na gani da idona da nake so kowa ya gwada. Na kashe fitilu bayan an tashi aiki, an share, wuri tas. Na haska tocila daga gefe. Wallahi cikin hasken nan abu ne ke ta motsi kamar hayaƙi, ba sama yake yi ba, ba ƙasa ba. Wannan fa ba ita ce ƙurar da muka sani ba, wadda ake gogewa da tsumma. In na rubuta "ƙura" yaran za su ce sun share.

Baba Tsoho, Mai Wurno:
Na karɓi gyara, Injiniya. Ita kau wagga da ba ta sauka, ai hazo ne. A nan Sudan in kataha, wato guguwar ƙura, ta taso ta wuce, yashi ya kan zube nan da nan, amma sama ta kwana ja. Ku ce hazon dutse.

Ma'aikaciyar Jinya, Ɗa'if:
Hazon dutse ya yi, Baba. Yaya mai sassaƙa, ina roƙon a ƙara layi ɗaya a takardar, ko da sunan injin bai samu ba. Abin da ke cikin hazon nan mai illa silika ne. In ya zauna a huhu jiki ba ya iya narkar da shi, sai wurin ya yi tabo, huhu ya taurare. Ba ya warkewa, kuma yana iya ci gaba ko an bar sana'ar. Yana buɗe wa tarin fuka ƙofa, tun 1997 kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji.

Duwatsun ma ba ɗaya ba ne. Ruham, wato mabul, irin farin da ke shimfiɗe a filin ɗawafi wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na Girka, silikarsa kaɗan ce, wajen kashi 2. Giranit wajen kashi 30. Dutsen yashi 70 zuwa 90. Kwatz ɗin masana'anta da ake teburin kicin da shi yakan haura 90, shi ya sa Ostireliya ta haramta shi daga 1 ga Yuli, 2024, bayan ya nakasa samari masu yankansa. In an kawo maka shi, Yaya, kada saruk ya taɓa shi a bushe.

Mu Hausawa bai kamata a yi mana dogon wa'azi kan garin dutse ba. Na Zamfara a 2010 dalma ce ba silika ba, amma hanyar ɗaya ce: an niƙa dutsen zinariya a cikin gida, yara sama da 400 suka tafi.

Sunan ciwon kuma, na ji wasu na cewa tarin dutse. Ni ina ɗari-ɗari da shi, don da yawa haki ne ke fara damunsu in sun hau bene, mutum ya ce ai ni ba na tari.

Ɗan Misfala:
To ni yanzu da gaske nake. Abin da ya shiga ba ya fita, ba a wasa da shi, ba a buɗe shi da ka, kuma ɗana shi ake yi kafin abin ya zo. Ai tarko ke nan. Tarkon ƙura. "Ka ɗana tarko kafin ka kunna saruk." Wane yaro ne ba zai gane ba?

Injiniya, Yanbu:
Yau ɗan Misfala ya yi abin kai. Tarko yana da wani alheri ma: kowa ya san ba a ɗana shi nesa da hanyar nama. Zuƙa ba ta da dogon hannu kamar hurawa. In ka matsa daga bakin bututu da misalin faɗinsa ɗaya kacal, saurin iskar ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma. Bakin da ke can bango, aiki na nan tsakiyar ɗaki, ado ne. A ja shi har ya kusa taɓa dutsen, kuma a saita shi inda saruk ke watsa gari.

Abu biyu kuma. Tunda iskar cikin ɗakin take komawa saboda mukayyif, a liƙe gefen HEPA da roba sosai. In da 'yar kafa a gefe, ta nan hazon zai bi, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Sannan tarko ba ya maye gurbin ruwa. Duk yankan da zai yiwu da ruwa a yi shi da ruwa, a kwashe taɓon tun yana ɗanye, tsintsiya kuma ta bar shagon. A Amurka dokar 2016 ta tsayar da iyaka a maikurogiram 50 na silika cikin kowace kubik mita ta iska a aikin sa'a takwas. Yankan giranit a bushe cikin rufaffen ɗaki yana ninka wannan sau da yawa.

Ma'aikaciyar Jinya, Ɗa'if:
Takunkumi kuma ba irin shuɗin na korona ba. N95 ne mafi ƙaranci. Masu gemu su sani ba ya kama fuska a kan gashi, sai dai irin mai rufe kai gaba ɗaya da ke turo iska da batir.

Mai Sassaƙa, Jidda:
Na gode ƙwarai. Ga abin da na tsayar, mai ja ya ja kafin gobe. Dukkansa tarkon ƙura. Na bisa ganga masheƙiya, kyautar Baba. Filta na farko, mai arahar, na bar masa mataci don kada Hajiya ta tashi hannu rabbana, tunda shi irin wanda ake wankewa ne. HEPA kuwa cikin tarko: ba a bugawa, ba a hurawa, ba a wankewa, in ya cika a sa shi a leda a ɗaure. Injin ban sa baki ba, na tarar yaran sun daɗe suna ce masa Zuƙau. Sunan ciwon na bar shi a buɗe, a takardar na rubuta "hazon dutse yana taurara huhu, ba ya warkewa".

Hajiya Malama, Makka:
Na yarda, ko da yake an ba ni na araha. Amma ka duba takardar da ka turo hotonta. Kwamfutar mai buga maka ba ta san lanƙwasa ba. Tarkon kura aka rubuta, har sau huɗu.

Mai Sassaƙa, Jidda:
Innalillahi. Mai shagon bugun ɗan Bangaladash ne, ya ce harafin babu shi a injinsa. Na aiki Bakatsine ya sayo baƙin alƙalamin maka, zan bi su ɗaya bayan ɗaya in sa musu ƙugiya da hannu.