Wace kalma za mu sa wa aikatau irin su pensar da dormir?

Jama'a masu koyon Sifaniyanci da malaman nahawun Hausa ku zo mu gama maganar nan. Akwai wani rukunin aikatau da masu harshen ke kira verbos con cambio de raíz, Turawan Ingila kuma su ce stem-changing verbs, mu kuwa har yanzu kowa da abin da yake faɗa.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. A Hausa wakilin suna ne ke ɗaukar nauyi, ina tunani, kana tunani, muna tunani, tunanin na nan yadda yake. A Sifaniyanci kuwa wutsiyar aikatau ce ke canjawa ta nuna mai yin aikin, hablo, hablas, habla, saiwar habl ba ta motsi. To amma ɗauki pensar, wato yin tunani: pienso, piensas, piensa, pensamos, pensáis, piensan. Kun ga e ɗin da ke cikin saiwa ya koma ie a wuri 4, ya tsaya yadda yake a mu da ku. Haka dormir, yin barci, duermo, duermes, duerme, sai dormimos, dormís, sannan duermen. Pedir kuma e ne ke komawa i, pido, pedimos. Masu kallon La Liga ga naku, jugar, yin wasa, juego amma jugamos.

Wani ɗan uwa ya ce mu kira shi aikatau mai takalmi, saboda in ka jera shidan nan a sahu 2 ka zagaye masu canjawa, zanen na fitowa kamar takalmin soja, kuma haka malamai ke koyar da shi a Amurka. Dabarar tunawa ce mai kyau amma suna ne na allo, da ka goge allon shi ke nan bai gaya maka komai ba.

Wata 'yar uwa kuma ta kawo mu'utalli, irin na nahawun Larabci da muka yi a islamiyya, qala ya koma qultu ko yaqulu. Wallahi na daɗe a kan wannan domin kamar tana nan sosai, musamman ajwafi da canjinsa ke tsakiya. Sai dai can illar daga wawu da ya'u ne da ke cikin asalin kalmar, nan kuwa dalilin daban ne, nauyin murya ne. A irin su pensar da dormir, duk inda nauyin ya faɗa kan wasalin saiwa sai ya tsage, PIEN-so, in ya matsa kan wutsiya sai wasalin ya zauna lafiya, pen-SA-mos. Abin ma tun daga Latin ya taso, gajeren e da gajeren o in nauyi ya hau su sai su zama ie da ue, shi ya sa terra ta zama tierra, porta ta zama puerta, ba aikatau kaɗai abin ya shafa ba. Kuma ku duba mutanen Ajantina da ke cewa vos maimakon tú, wato kai ko ke, su pensás da podés suke cewa ba piensas da puedes ba, don nauyin ya koma ƙarshe. In muka ari mu'utalli ɗalibi zai je yana neman harafin illa inda babu shi.

An kuma ce mai sauya wasali kawai. Wannan ya yi faɗi da yawa, ai wasalin wutsiya ma canjawa yake a kowane aikatau.

Ni dai inda na tsaya, aikatau mai sauya saiwa. Saiwa da aikatau duk kalmomi ne da ɗan sakandare ya sani daga darasin Hausa, kuma sunan na nuna ainihin inda za ka sa ido. Sai mu raba shi gida biyu, masu tsaga wasali su ne e zuwa ie da o zuwa ue har da jugar, tunda tagwan wasali ke fitowa, su pedir da servir kuma masu musanya wasali.

Malaman nahawu, saiwa ko tushe, wanne ya fi zama daidai a nan? Ni saiwa na zaɓa don ita ce raíz ɗin kai tsaye, amma ina sauraronku kafin mu sa shi a darasi na gaba.