Muhawara: Wai dole ce ke sa kamfanonin gem rufe wasannin da masoya suka haɗa?

Nazifi: Ni fa na gaji da zagin da ake yi wa Nintendo duk sanda aka cire wani gem da masoya suka haɗa. Ba su da zaɓi. Doka ce, idan kamfani ya ga ana amfani da kayansa ya yi shiru, haƙƙin mallakarsa ya zube ke nan. Ku daina mayar da su azzalumai.

Auwalu: Dole? Malam Nazifi, ka tuna AM2R? Milton Guasti, ɗan ƙasar Ajantina, ya kai kusan shekara 10 yana haɗa shi, wato sake gina Metroid II, gem ɗin Nintendo na 1991, ko sisi bai nema ba. Ya sake shi a watan Agustan 2016, daidai lokacin da Metroid ke cika shekara 30. Kwanaki kaɗan takardar lauyoyi ta iso. A wannan watan dai Pokémon Uranium, wani gem ɗin masoya, ya fito bayan aikin shekara 9, an sauke shi fiye da sau miliyan ɗaya da rabi, shi ma masu shi suka janye shi saboda takardun lauyoyi. Har daga jerin masu takarar kyautar The Game Awards ta shekarar aka zare su duka biyun. Wace dole ce ta kai ga haka?

Barista Hauwa: Ku ba ni dama in raba muku abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai haƙƙin mallakar aikin ƙirƙira, wato zane, kiɗa, labari da rubutun manhaja. Akwai kuma alamar kasuwanci, wato suna da tambari. Na farkon ba ya zubewa don mai shi ya kau da kai. Kana iya ƙyale mutum ɗari ka kai ƙarar na ɗari da ɗaya, haƙƙinka na nan daram har wa'adinsa ya cika. Alamar kasuwanci ce kan yi rauni idan aka bar kowa yana amfani da ita har mutane suka daina gane na wane ne. Ko ita ɗin ma akwai mafita mai sauƙi: a ba da izini a rubuce, da sharuɗɗa. Saboda haka maganar "ba su da zaɓi" ba ta tsaya ba, ƙanena. Suna da iko, wannan gaskiya ne. Amma zaɓa suka yi.

Nazifi: To Anti, na ji. Amma ko da zaɓi ne, ai zaɓin mai hankali ne. Shekara guda bayan AM2R sai ga Metroid: Samus Returns a 2017, shi ma sabunta Metroid II ne. Ashe suna kan aikin nasu a ɓoye. Kana shirin sayar da abu wani yana raba irinsa kyauta, za ka zuba ido?

Zainab: Wannan ce hujja mafi ƙarfi da ka kawo, kuma ita ce ta fi ba ni haushi. Wa ya riƙe sunan Metroid a bakin mutane a shekarun da kamfanin ya yi watsi da shi? Su waɗannan masoyan ne. Wanda ya zauna ya buga AM2R shi ne na farko a layin sayen na kamfani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Auwalu: Kuma ga kamfanin Sega, mai wasan Sonic. Christian Whitehead ya fara ne da wasannin Sonic na masoya. Maimakon takardar lauya sai suka ba shi aiki, ƙarshenta ya jagoranci Sonic Mania a 2017, wanda 'yan wasa suka yaba fiye da yawancin abin da kamfanin da kansa ya fitar a shekarun. Haƙƙin Sega a kan Sonic ya zube? Kamfanin Valve ma, ta bar masoya sun sake gina wasanta Half-Life da sunan Black Mesa, har ta yarda su sayar da shi a Steam, kasuwarta ta gem a intanet. Counter-Strike ma ai kwaskwarima ce da 'yan wasa suka yi wa Half-Life a 1999.

Bashir: Kada a yi wa Sega wankan tsarki da yawa. Su ne suka sa aka cire Streets of Rage Remake a 2011, aikin masoya na shekara 8, kwanaki kaɗan da fitowarsa. Kamfani ba uban kowa ba ne. Inda ya hango riba zai rungume ka, inda bai hango ba zai kore ka. Ni laifin masu haɗawar nake gani. Ka san fili ba naka ba ne, ka zuba gini na shekara goma, ranar da mai fili ya zo ka ce an zalunce ka. Zanen aro ba ya rufe katara.

Zainab: Yaya Bashir, wanda ya fara koyon sana'a da me yake koyo? Da abin da yake so. Shi Guasti ɗin daga baya Moon Studios ta ɗauke shi aiki a kan Ori and the Will of the Wisps. Da bai yi ginin da kake raina wa ba, wa zai san shi?

Bashir: To ai kin ga ya ci ribarsa. Me ake kuka kuma?

Barista Hauwa: Akwai abin da ba ku taɓo ba, kuma shi ya fi damuna a matsayina na mai aikin shari'a. Yawancin waɗannan rigingimu ba sa zuwa gaban alƙali. A ƙarƙashin dokar DMCA ta Amurka ta 1998, kamfani yana aika takarda ga shafin da ke ɗauke da wasan, shafin kuma yana cirewa nan take don kada a haɗa da shi a ƙara. Wanda ya yi wasan yana da damar mayar da martani, amma yin hakan tamkar ce wa kamfani ne mu haɗu a kotu. Wane ɗalibi ne zai kara da lauyoyin Nintendo? Shi ya sa ba a tantance inda iyakar take. Wanda ya kwashe zane da kiɗan kamfani gaba ɗaya, da wanda ya zana komai da hannunsa ya ari suna kawai, da mai yin barkwanci, duk sanda ɗaya ke dukansu.

Nazifi: Amma fa wani lokaci hayaniyar masoya kan yi aiki. Blizzard, mai wasan World of Warcraft, ta sa an rufe Nostalrius a 2016, sabar intanet da masoya ke gudanar da tsohon wasan a kai. Aka yi ca a kansu, aka tara sa hannu, a 2019 suka fitar da tsohon wasan da kansu da sunan WoW Classic.

Auwalu: Ka ga ka dawo gefenmu ba ka sani ba. 'Yan Blizzard sun sha nuna cewa ba mai son tsohon wasan, masoya suka tabbatar musu akwai kasuwa, suka rufe na masoyan, suka buɗe nasu na kuɗi. Haka Take-Two, mai mallakar wasannin GTA, ta yi a 2021: ta bi masu gyara tsofaffin GTA da takardu, har ta kai wasu kotu, sannan ta fitar da nata sabuntawar a watan Nuwamba, cike da kurakuran da sai da Rockstar, reshenta mai haɗa GTA, ta ba da haƙuri.

Nazifi: Na janye kalmar "dole", Anti ta gamsar da ni. Amma ban janye cewa kayansu ne ba. Ko ni na ƙirƙiri abu, ina so a tambaye ni kafin a taɓa.

Zainab: A tambaya ta wace ƙofa? Valve da Sega sun nuna akwai ƙofa, ko da ba kullum take buɗe ba. Ka faɗa mini inda yaro mai son haɗa wasan Mario zai kai takardarsa a duba.

Bashir: Ya canza wa ɗan wasan hula da gashin baki, ya raɗa masa wani suna, ya sayar da abinsa.

Zainab: Ai shi Mario yake so, Yaya. Da kuɗi yake nema da tun farko bai raba kyauta ba.