Saura ƙiris ku ji labarina a rediyo

Alhaji Ɗanlami Mai Riɗi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ku taya ni gode wa Allah, shekaranjiya saura ƙiris ku ji labarina a rediyo. Ba zan kama sunan kamfanin ko garin ba, kada a ce na ɓata wa wani sana'a. Mun sauko har ina hango rufin kwano da masu babur a titi, tayoyi sun fito, kawai sai jirgi ya yi wani irin ruri ya ɗaga hanci ya koma sama. Hanjina sai da ya kaɗa. Dattijuwar da ke gefena ta damƙe min hannun riga tana salati har maɓalli ya tsinke. Mun fi minti ashirin muna kewaya gari. Direban ya yi magana da Turanci, wani yaro ɗan boko ya fassara mana, wai akwai wani jirgin a kan titin saukar jirage bai gama fita ba. To tsakanin direban da mutanen hasumiya masu ba jirage umarni, wa ya kasa jin wani? Ka biya kuɗi masu ciwo, a ɗauki ranka a yi wasa da shi!

Anti Rabi ta Asibiti: Innalillahi! Barka da arziki Alhaji. Allah ya kiyaye gaba.

Malam Nura Ticha: Barka da arziki Alhaji. Sai dai ɗan gyara, ba direba ake ce masa ba, matuƙi ne.

Sale Direba: To fa. Malam Nura, mene ne aibin kalmar direba da har sai an wanke mai jirgi daga ita?

Malam Nura Ticha: Yaya Sale, ban ce da aibi ba. Kowace sana'a da sunanta.

Sale Direba: A'a, faɗi abin da ke ranka. Shekara 22 ina ɗaukar mutane daga Shuwarin zuwa Kano, ban taɓa kai kowa asibiti ba. Ni ma tuƙi nake, shi ma tuƙi yake. Ni ba mai gaya min a rediyo ga rami can, ga tirela nan, ga saniya ta ɓullo. Ido ne da addu'a. Shi sama fetal, ba kwana ba rami, amma sai an riƙe masa hannu.

Bashari Waya: Ai su direbobi har wani faɗin rai suke. Makon jiya wa ya loda mutum goma a Sharon?

Sale Direba: Kai yaro, da ubanka muka yi ƙuruciya. Kama bakinka.

Malam Nura Ticha: Yaya Sale, saman ba fetal take ba. Akwai hanyoyi, sai dai ido ba ya ganinsu, kuma hawa-hawa ne. Can ƙololuwa tazarar ƙafa 1,000 ce kawai tsakanin na sama da na ƙasa, wajen mita 300, ga gudu ya haura kilomita 800 a awa. Kafin ka hango ɗan'uwanka da ido ya riga ya iso. Shi ya sa doka ce, duk lambar da hasumiya ta ba matuƙi sai ya maimaita ta da bakinsa, na hasumiya ya ji ko daidai ya ɗauka. A 1996 kusa da Delhi a Indiya, an ce wa jirgin Kazakistan ya tsaya a ƙafa 15,000, na Saudiyya yana 14,000. Na Kazakistan ya zarce ƙasa, suka haɗu. Mutum 349, ba wanda ya rayu, yawancinsu 'yan ci-rani ne masu tafiya Saudiyya neman abinci. Kuma Alhaji, abin da matuƙinku ya yi shi ne daidai. In titi bai zama fili ba, komawa sama ake a sake zagayowa. Ana koyar da hakan, ba ganganci ba ne.

Alhaji Ɗanlami Mai Riɗi: Daidai? Nura, kana cikin jirgin ne? Kai da ko filin jirgin Dutse ba ka taɓa shiga ba.

Sale Direba: Ka ji ko. Ƙafa dubu tana ba su tsoro. Mu a hanyar Gaya da taƙi ɗaya muke wuce juna.

Kawu Idi: Ku yara ba ku san komai ba. Ina saurayi a Kano a 1973 jirgin alhazai ya faɗi yana sauka, cikin hazon hunturu. Mutum 176 suka rasu. Ranar garin ba wanda ya ci abinci da daɗi. Ba Turanci ba ne, ba hasumiya ba ce, kwana ne ya ƙare. Alhaji, naka da saura, shi ke nan.

Liman Ƙarami: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Ƙaddara gaskiya ce, amma Annabi (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Wanda ya yi sakaci da amanar rayuka za a tambaye shi.

Kawu Idi: Allah gafarta Malam, ni ban ce kada a ɗaure ba.

Bashari Waya: Ni dai na gani a TikTok, yanzu kwamfuta ce ke tuƙa jirgi, matuƙin shayi kawai yake sha. To in haka ne ai ko direba bai kai ba, kwandasta ne.

Sale Direba: Yau ka faɗi magana ɗaya mai ma'ana.

Malam Nura Ticha: Bashari, akwai na'urar da ake kira TCAS, tana hango jirgin da ke tunkaro ka, ta ce wa ɗaya hau, ɗaya sauka. Amma mutum ne zai bi ko ya ƙi. A 2002 a kudancin Jamus na'urar ta ce wa jirgin Rasha ya hau, na hasumiya ya ce ya sauka. Suka bi muryar mutum, ɗayan jirgin na kamfanin DHL shi ma yana sauka bisa umarnin tasa na'urar, suka yi karo. Mutum 71, mafi yawa yara 'yan makaranta. Abin da ke ci min rai a nan, muna faɗa a kan kalma, alhali kalma ce ta ci mutum 583 a tsibirin Tenerife a 1977. Hazo ya rufe titi, jirgin kamfanin KLM ya ce yana kan tashi, hasumiya ta ɗauka yana nufin ya tsaya a bakin titi yana jira, ta ce to. Sauran maganar ta haɗu da ta jirgin kamfanin Pan Am a rediyo, ta zama ƙara, ba su ji ba, jiragen biyu suka yi karo a kan titi. Tun daga nan aka hana furta kalmar tashi sai lokacin ba da izini ko janye shi.

Honorabul Garba: Duk misalanka na Turawa ne. Namu fa? Ko ba ka so a taɓa gwamnatinku?

Malam Nura Ticha: Honorabul, akwai namu. Ranar 7 ga Nuwamba 1996 jirgin kamfanin ADC daga Fatakwal zuwa Legas ya yi kiciɓis da wani da ya taso daga Legas. Matuƙin ya karkata da ƙarfi don ya kauce, jirgin ya ƙwace masa, ya faɗa ruwa wajen Ejirin. Mutum 144, har da Farfesa Claude Ake. Bincike ya ɗora laifi a kan yadda aka raba jiragen daga ƙasa, da kuma irin karkatar da ya yi. Lokacin mulkin soja ne, ba ruwan jam'iyyar kowa.

Honorabul Garba: Da ba don Sule Lamido ya gina filin jirgi a Dutse ba, da har yau alhazanmu na kwana a sansanin Kano sauro na cinsu. A riƙa faɗin alheri.

Musa Fadama: Jirgi nawa ke sauka a mako? Mu kachala ta cinye mana kogi, ambaliya ta kwashe shinkafa, kuna maganar filin jirgi.

Honorabul Garba: Naku da suka zo me suka yi wa kachalar?

Anti Rabi ta Asibiti: Don Allah ku bari. Mutum ya tsallake rijiya da baya, kun koma siyasa.

Sale Direba: Ni dai har yanzu Malam Nura bai janye ba. A ƙamus ɗin wa aka ce mai mota ba matuƙi ba ne?

Malam Nura Ticha: Kai ma matuƙi ne Yaya Sale, ban hana ka ba. Shi ne dai ba a kiransa direba.

Sale Direba: Ka ga ni! Wato sunanmu ne ƙazanta.

Shugaban Zaure, Ado Kamasho: Jama'a ya isa haka, saƙo ya haura ɗari. Ga abin da na fahimta. Alhaji ya ga tashin hankali kuma yana da gaskiya, masu jirgi sun yi sakaci. Kalmar direba ba zagi ba ce, sana'a ce mai daraja da ta rufa wa gidaje da yawa asiri a garin nan, ni shaida ne, shekarata 15 a tasha. Shi kansa Malam Nura ya tabbatar mana cewa da rediyonsu da na'urorinsu suna karo, direbanmu kuwa da idonsa kaɗai yake kai mutane gida. Ya kamata Malam ya ba Yaya Sale haƙuri. Bashari, ka daina sa baki in manya na magana. Maganar siyasa a kai ta wancan zauren.

Malam Nura Ticha: Shugaba, ban faɗi haka ba. Ku koma sama ku karanta.

Alhaji Ɗanlami Mai Riɗi: Ni har yanzu ba wanda ya gaya min wa ya bar wancan jirgin a kan titi. Wata mai zuwa in zan koma, Sale ka ajiye min gidan gaba.