Wa ya taɓa kwaikwayon faɗan fim ɗin Chainis? Me ya same ka?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da la'asar na dawo daga kasuwa na tarar da ƙaramin ɗana, mai shekara 7, hannu a kumbure. Yayansa ne ya daka tsalle ya kai masa shuri irin wanda ya gani a waya, shi kuma ya kare da hannu. Mai ɗori ya ce targaɗe ne, alhamdu lillahi. Na ɗaga hannu zan doki babban, sai na tuna yadda muke fitowa daga silimar Plaza ko Orion a shekarun 1980, tun daga bakin ƙofa ake fara ihu da shure-shure har gida. Don Allah duk wanda ya taɓa kwaikwaya ya faɗa mana abin da ya same shi, da abin da ya ganar da shi cewa faɗan nan shirya shi ake yi. Ina neman maganar da za ta shiga kan yaron ba tare da na raba shi da kallon ba, don ni ma har gobe ina son finafinan nan.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Ni sandunan nan biyu na Bruce Lee ne suka ja mini. Na yanki ice biyu, na haɗa su da guntun sarƙar keke, na shiga bayan gida ina juyawa. A kwana na uku sanda ta dawo ta fasa mini gira, sai da aka yi ɗinki, tabon yana nan. Kawuna bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi mutumin nan tun yana saurayi yake koyo a hannun malaminsa Ip Man a Hong Kong, kai kuma kwana uku kake so ka kamo shi. Ya rasu a 1973 yana da shekara 32, amma a gidan kallon unguwarmu muna ganinsa kamar jiya aka ɗauka, shi ya sa muke zaton abin kusa yake.

Mai Kyamara:
Yaya Ɗan Fagge, sannu da jinya. Ni sana'ata ke nan, ɗaukar fim, kuma ranar da aka fara ba ni faɗa in ɗauka ne idona ya buɗe. Na ajiye kyamara a gefe, duk naushin da akta ya kai ana ganin ya wuce ta gaban hancin bos da kusan taƙi guda. Darakta ya ce in koma bayan kafaɗar wanda ake duka. Ina komawa, naushin nan dai, tazarar nan dai, amma sai ka rantse ya same shi, saboda kyamara ba ta nuna nisan da ke tsakaninsu idan suna layi ɗaya da ita.

Sauran aikin na wanda ake duka ne. Shi zai wurga kai daidai lokacin, ya faɗi yadda ba zai ji ciwo ba. Ƙarar bugun kuma a ɗakin tace fim ake ɗora ta. Mutanen Hong Kong sun ƙara da dabaru: a ɗauka da hoto 22 a daƙiƙa maimakon 24, idan aka haska sai motsi ya ƙara sauri, a barbaɗa hoda a takalmi ko riga don ƙura ta tashi in shuri ya sauka. Kuma ba sa ɗaukar faɗa gaba ɗaya. Guntu-guntu suke yi, mai shirya faɗa ya tsara motsi kaɗan, ya zaɓi inda kyamara za ta tsaya, a maimaita har ya zauna, sannan a wuce. Shi ya sa nasu yake da kari kamar kiɗan kalangu, kana ganin kowane bugu daga tashinsa har saukarsa. Ka kashe sautin wayar, ku kalla tare da yaron, ka ce ya zuba wa wanda ake duka ido kawai.

Maman Yara:
Malam, nawa ukun ma sun yi, har ɗaya ya faɗo daga kan katanga. Abin da ya yi mini amfani shi ne ƙarshen finafinan Jackie Chan, inda ake nuna kurakuran da aka yi wajen ɗauka yayin da sunaye ke tafiya. Da muna kashewa kafin nan. Na zaunar da su suka ga ana ɗaukarsa a kwance, jini a kunne. Ya faɗo ne daga bishiya wajen ɗaukar fim ɗin Armour of God a Yugoslabiya, ƙashin kansa ya fashe, sai da aka yi masa tiyata. Na ce musu wannan fa shekara 10 ya yi a makarantar wasan gargajiyar Sin yana koyon alkafura da faɗuwa tun yana yaro, tare da Sammo Hung. Sun yi tsit.

Tsohon Ɗan Dambe:
Hajiya ta yi gaskiya. Ni a fagen dambe na koya. Ina sabon shiga na juya zan kai shurin baya irin na fim, kafin in gama juyawa na ji ni a ƙasa, an yi kisa. Faɗan gaske ba ya jiran ka gama ado, kuma abokin karawarka bai yi alkawarin tsayawa inda ka bar shi ba. Amma ban raina masu faɗan fim ba ko kaɗan. Wanda ake jefawa kan tebur sau goma a yini ya tashi, ni na san abin da jikinsa ke gaya masa da dare.

Auta:
Iyayena, a yi mini afuwa, ba duka ne dabara ba. Tony Jaa na Tailan a fim ɗinsa na 2003 ba a ɗaura masa wayar ƙarfen da ake ɗaga akta sama da ita ba, gwiwa da gwiwar hannu suna sauka da gaske. Na gwada tsallensa a kan yashi, sati biyu ina ɗingishi.

Mai Kyamara:
Haka ne ƙanena, akwai masu bari a taɓa su. Sai dai wanda gwiwar za ta sauka a kansa ya san ta ina za ta zo da kuma yaushe, sun yi atisaye, shi ma ƙwararre ne. Ƙanin yaron nan bai san shuri na zuwa ba.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daren jiya mun kashe sauti mun kalla. Sau huɗu ya sa na mayar da wuri guda, sai ya nuna da yatsa ya ce, Baba, ai ya juya kai kafin ƙafar ta iso. Da safe da kansa ya riƙe wa ƙaninsa kofin koko. Yanzu ya dame ni in kai shi inda ake koyon kareti. Akwai wanda ɗansa ke zuwa a nan Kano? Daga shekara nawa suke karɓa, kuma faɗuwa suke fara koyarwa ko shuri?